Wa Ake Yi wa Ta'aziyyar Mahmud?

A wani gida da ke bayan kasuwar Wudil, ba nisa da kara inda ake hada-hadar shanu kowace Juma'a, akwai wata dattijuwa da babba da yaro ke kira Inna. Ba ta yi boko ba, kallo kuwa bai taɓa damunta ba, har sai da Aminu Saira ya fara fitar da shirin Labarina a 2020. Tun daga nan aka san wurin zamanta a gaban talabijin, aka kuma san ba a yi mata magana sai an tafi talla. A daren da labarin ya kai ga mutuwar Mahmud, wanda Nuhu Abdullahi ke fitowa a matsayinsa, Inna ta yi salati, ta ce, "Allah ya jiƙanka, Mahmud," sannan ta ja gefen mayafi ta rufe fuska. Har zaure aka ji sheshsheƙarta.

Jikanta, ɗalibi a jami'ar kimiyya da fasaha ta garin, ya yi dariya har da riƙe ciki. "Haba Inna, fim ne fa! Mutumin nan yana nan garau, fita kawai ya yi daga shirin."

"Na sani, maigida," in ji ta, ba tare da ta buɗe fuskar ba. "Ai ban haukace ba."

Wannan amsa tata ta fi dariyarsa nauyi. An daɗe ana ɗaukar mai kuka a gaban akwati a matsayin wanda ya kasa bambance wasa da gaske, kuma an fi jingina wannan zato ga mata da tsofaffi da mutanen karkara. Zato ne mai sauƙi, yana kuma faranta ran mai yin sa. Inna ta san Nuhu Abdullahi yana raye, kamar yadda masu karanta mujallar Strand a Ingila suka san babu wani mutum mai suna Sherlock Holmes lokacin da Conan Doyle ya jefa shi a kwazazzabon ruwa a 1893, amma suka yi ta ƙorafi, har marubucin ya dawo da shi da rai bayan shekara goma. Donald Horton da Richard Wohl sun yi bayani tun 1956 cewa mai kallo kan ƙulla zumunta ta ɓangare ɗaya da fuskar da yake gani a kai a kai. Bayanin ya isa ya nuna inda shaƙuwar ta fito. Bai kai ga kalmomin da suka fito daga bakin Inna ba, alhali a nan ne ɗalibin Hausa ya kamata ya dakata.

Hausa ba ta tanadi lafazin da ake yi wa mamacin ƙirƙira ba. Tatsuniya ta warware wannan matsala tun da daɗewa: ana shiga ta da "ga ta nan, ga ta nanku", ana fita da "ƙurunƙus", kuma mai bayarwa kan amsa da bakinta cewa ba don Gizo ba da ta yi ƙarya. Duk wanda Dodo ya haɗiye a ciki, wannan ƙofar fita ta wanke shi daga zuciyar yaro kafin barci ya ɗauke shi. Shiri mai dogon zango ba shi da ƙurunƙus. Yana shigowa tsakar gida mako bayan mako, da Hausar da ake yi a tsakar gidan, da sallama da gaisuwa da kwanon abinci irin na gidan, sannan ya kashe mutum ya tafi talla. Mai kallo ya waiga neman abin faɗa, bai sami komai ba sai abin da ake faɗa wa mamaci na gaskiya.

Wudil ta san ɗaya ɓangaren lamarin. Ranar 10 ga Disamba, 2014, Rabilu Musa Ibro, ɗan Ɗanlasan da ke nan kusa, ya rasu. A ranar harshe bai yi tuntuɓe ba. Akwai gawa, akwai iyali, akwai inda za a je a zauna a ce Allah ya ba da haƙuri. Inna ta yi masa addu'a kamar kowa, idonta a bushe, kuma har yau in aka kunna tsohon fim ɗinsa tana dariya, domin Ibro na cikin akwati bai mutu ba. Na Mahmud juyin wannan ne: mai wasan yana raye, wanda aka shaƙu da shi ne ya tafi, babu kuma gidan da za a kai gaisuwa.

'Yar Inna, wadda ta zo ganin gida a makon, ita ce ta tambaya a hankali, "To Inna, addu'ar nan wa za ta je wa?" Ba ta sami amsa ba, ba ta kuma sake tambaya ba, don ta riga ta sani. Ɗan farin Inna, mahaifin wannan jikan, ya rasu a hatsarin mota kan hanyar Kano shekara goma sha biyu kafin nan, yana dawowa daga kai kaya. Kunyar ɗan fari ta hana ta kama sunansa yana raye. "Wannan yaron" take cewa, ko "uban su wane". Da ya rasu kunyar ba ta rasu ba. A kwana ukun zaman makoki mata sun kewaye ta suna tuna mata cewa addu'a yake bukata, ba hawaye ba, ita kuma ta daure har aka riƙa ba da misali da ita a unguwa. Ba ta taɓa haɗa sunansa da "Allah ya jiƙanka" a gaban mutane ba. Mahmud kuwa ba ɗanta ba ne. Babu kunya tsakaninsu, sunansa halal ne a bakinta.

Ba daidai ba ne a ce duk wanda ya yi ƙorafin mutuwar Mahmud yana ɗauke da irin wannan kaya. Da yawa haushin marubuci kawai suka ji, wasu suka ce an yanke labari don a rufe gurbin ɗan wasa, kuma suna da hujja: da Nafisa Abdullahi ta bar shirin a 2022, ba a kashe Sumayya ba, Fati Washa aka ba matsayin. Ashe akwai wata hanya. Mai kallo yakan gane lokacin da ajalin mutumin labari ya zo daga bayan kyamara, kuma wannan ganewa tana da nata ɗacin.

Abin da jikan bai faɗa wa kowa ba shi ne cewa shi ma ya yi nasa makokin, watanni kafin na Inna, a ɗakin da yake haya kusa da makaranta. Wajen masu tura fina-finai a waya ya samo Supernatural, shirin Amurka da ya gudana daga 2005 zuwa 2020, zango 15, kashi 327. Labarin wa da ƙani ne, Dean da Sam Winchester, masu yawo a tsohuwar mota suna farautar aljanu da fatalwa. A wannan duniya tasu mutuwa ba ta da ƙarfi. Dean ya mutu a ƙarshen zango na uku, aka kai shi wuta, mala'ika Castiel ya fito da shi a farkon na huɗu. Sam ma ya mutu ya dawo. Mai kallo ya saba, har ya daina tsorata. Sai a kashin ƙarshe, wanda aka nuna ranar 19 ga Nuwamba, 2020, aka tura Dean ya faɗa kan wani ƙarfe da ya fito daga jikin ginshiƙi, ya soke shi ta baya, ya mutu a tsaye yana sallama da ƙaninsa, bai kuma dawo ba. Masoya shirin da dama sun fusata, suna ganin wanda ya gagari Iblis bai kamata ƙarfen banza ya gama da shi ba.

Jikan bai fusata ba. Yana da shekara tara aka zo aka ce motar babansa ta yi karo, ba aljani ba maye, taya ce ta fashe. Shekarun da ya yi yana kallon mutanen da ake dawo da su daga lahira, ya san sarai cewa tauhidinsa bai yarda da ko ɗaya ba. Wataƙila don haka ne ma abin ke masa daɗi, tunda labarin baƙi ne, a harshen baƙi, inda ake iya ɗaga wa ajali ƙafa. Wasan Hausa ba kasafai yake wannan kasada ba, masu kallonsa ma ba za su bari ba. Da Dean ya yi mutuwa irin ta mutanen Wudil, yaron ya kife wayar, ya kwana bai ci abinci ba. Abokan ɗakinsa ya ce musu zazzaɓi ne. Bai ce Allah ya jiƙan kowa ba; Dean ba Musulmi ba ne, ba ma mutum ba ne, shi kuma ɗan jami'a ne.

Mako guda bayan dariyar, lokacin shiri ya yi, Inna ba ta fito ba. Ya leƙa ɗakinta ya same ta a kan sallaya da carbi.

"Amarya, an fara fa."

"Ku kalla. Ni sai na kwana biyu."

Ya tsaya a bakin ƙofa, hannunsa riƙe da labule. Can ya ce, "Inna, ya ƙarin haƙuri?"

Ta ɗago ta dube shi, tana neman tsokana a fuskarsa, ba ta gani ba. "Da godiya," ta ce. Ta matsa gefe ta bar masa wuri a bakin sallayar, ya tuɓe takalmi ya shiga.