Tayar Mota Da Kuɗin Cefane

Yau zancen taya na zo muku da shi, kada wata ta ce wannan ai sha'anin maza ne da direbobi. Tun ran 29 ga Mayu, 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga wajen Naira 190 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ma ta yi gaba abinta. Kowace uwargida ta san inda abin ya fi ciwo, domin abin da mota ta sha, daga tukunya a kan rage shi. Ni dai motar gidanmu na lissafa ta cikin bakunan da nake ciyarwa, ba na kuwa son bakin da zai riƙa ci ba da sanina ba.

Ku dubi mai kurar ruwa da ke kawo mana jarkoki. Ran da tayarsa ke cike, da hannu ɗaya ma sai ya tura. Ran da ta sace kuwa, sai ku ga ya sunkuya yana nishi, gumi na tsiyaya, alhali ruwan bai ƙaru ko da kofi ɗaya ba. To, haka injin mota yake, sai dai shi ba ya nishi mu ji, fetur yake ƙara zuƙa. Dalili kuwa shi ne, tayar da ba ta da isasshiyar iska ta kan baje a ƙasa, kowane juyi ɗaya sai robar ta lanƙwashe ta miƙe, kamar ana murza ƙullin alkaki. Wannan murza ita ke cin ƙarfin inji, ƙarfin ya zama zafi ya bi iska. In kun taɓa irin wannan taya bayan doguwar tafiya, za ku ji ta fi 'yan'uwanta zafi.

Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta yi lissafin abin. Awon iskar taya sunansa PSI, shi ne lambar nan da mai faci ke faɗi, talatin ko arba'in. Suka ce in tayoyi huɗun suka ragu da lamba 1, mota za ta ƙara shan wajen kashi 0.2 cikin ɗari, watau Naira 2 cikin kowace Naira 1,000. Mu ce motarki 32 take so, ga ta tana yawo da 24. An rasa 8 ke nan. In maigida na zuba man Naira 100,000 a wata, wajen Naira 1,600 sun tafi a banza, a shekara sun haura 19,000.

Na san wata za ta taɓe baki ta ce, ashe ma ɗan wannan ne? Gaskiya ne, ba zai sayi fili ba, ni ma ba na tare da masu zuzuta abin kamar zai raba mutum da talauci. A 2008 ma da Obama ya ba Amurkawa wannan shawara lokacin yaƙin neman zaɓe, abokan hamayyarsa ba'a suka yi ta yi masa, har suna rarraba ma'aunin iska don tsokana. Amma wace ce cikinmu za ta ga buhun masara na tsiyaya ta ƙasa ta ƙyale shi, wai don ƙwaya ɗaya ɗaya ke zuba? Kuma ba fetur kaɗai ba ne. Tayar da ke tafiya a sace gefe da gefenta ke fara cinyewa, ta mutu kwananta bai kai ba, kun kuwa san kuɗin sabuwa yau. Mafi muni, zafin nan na iya fasa ta ana cikin gudu, ga yara a baya. Bayan haɗurran tayoyin Firestone a motocin Ford Explorer, Amurka ta yi doka a 2000, wadda ta sa daga 2007 kowace sabuwar ƙaramar mota sai da fitilar gargaɗin iska. Da yawa cikin tokunbo da ke zuwa mana suna da ita, wata 'yar fitila ruwan ɗorawa mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki. Sai dai ba ta kamawa sai iska ta ragu da wajen kashi ɗaya cikin huɗu, watau ɓarna ta riga ta yi nisa.

Ido ba ya gane wannan, shuri da ƙafa ma haka. Ko ba ƙusa, taya kan rage wajen lamba 1 kowane wata, sa'an nan in sanyi ya sauka da digiri 5 ko 6 ta sake rage 1. Saboda haka wadda aka cika da zafin Oktoba, kafin tsakiyar hunturu ta yi laushi.

Inda na fi jan hankalinku shi ne wurin mai faci. Akwai wani a bakin titinmu, mutumin kirki ne, amma kowace mota ta zo 45 yake ɗura mata, wai don ta yi sauƙin gudu. Na ce masa, "Malam, kowace cuta maganinta ɗaya ne a wurinka?" Ya yi dariya ya ce haka ubangidansa ya koya masa. Iskar da ta yi yawa tsakiyar taya take cinyewa, ta rage mata kama ƙasa, mota ta yi ta tsalle a ramuka. Lambar da ke jikin taya ma ba ita ce abin bi ba, wannan iyakar abin da za ta iya ɗauka ne. Ta gaskiya tana kan wata 'yar takarda da aka manna a ginshiƙin ƙofar direba. Ki buɗe ƙofar ki duba, ta gaba da ta baya a rubuce suke, wasu motocin har da ta ran da aka yi lodi.

Ni ɗan ma'auni na saya a kasuwar kayan mota, bai fi alƙalami tsawo ba. Ran Asabar ta farkon wata, da sassafe kafin mota ta motsa, tun tayoyi na da sanyi, babban ɗana ke aunawa ina rubutawa a bayan littafin cefane. In da wadda ta gaza, sai mu je wurin Malam, in faɗa masa lambar da bakina, in tsaya a kansa har ya gama. Mu kan buɗe but a auna safaya ma, domin ita ce wadda kowa ke mantawa da ita.