Takubba Biyu a Gidan Makamai na Leeds

Daga tashar King's Cross da ke Landan zuwa Leeds, jirgin ƙasa na cin awa biyu da 'yan mintuna. Ɗan yayata da ke karatu a Ingila shi ya yanki tikiti, shi ne kuma ya taso da gardamar da ta cinye mana hanya. Yaro ne da ya tashi da finafinan Japan, don haka a wurinsa duk duniya babu takobi sai katana, takobin Japanawa.

"Kawu," in ji shi, "a samo mutum biyu, ƙarfi ɗaya, gwaninta ɗaya. A ba wannan katana, a ba wancan takobin Turawa. Kafin Baturen ya ɗaga hannu an gama da shi."

Na ce ya bari mu isa, ai gani ya kori ji.

Mun sauka ana yayyafi, muka bi gefen kogin Aire da ƙafa har bakin tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda gidan makamai na Royal Armouries yake. A 1996 aka buɗe shi, bayan an kwaso kaya masu yawa daga Hasumiyar Landan, kuma shiga kyauta ne. Abin da ke fara tsayar da baƙo wata doguwar hasumiya ce mai matakala, an lulluɓe bangonta da takubba da masu da sulke tun daga ƙasa har sama. Akwai kuma sulken giwa daga Indiya wanda kowa ke tururuwar ɗaukar hoto da shi. Mu dai ba su suka kawo mu ba, muka wuce.

Takubban Turai muka fara dubawa, musamman dogon nan da ake riƙewa da hannu biyu, wanda ya yi tashe daga ƙarni na 14 zuwa na 16. Yaron ya zo da tunanin cewa wani gungumen ƙarfe ne da ake jibga wa mutum. Sai ga abu siriri, miƙaƙƙe, kaifi biyu, yana tsukewa a hankali har ya ƙare da tsini. Irin wannan takobi bai cika wuce kilo ɗaya da rabi ba, ruwansa kuma yakan kai santimita 90 zuwa mita ɗaya, wani ma ya ɗara. Tsakanin ruwa da mariƙi an gitta sandar ƙarfe mai kare hannu, a gindin mariƙin kuma akwai dunƙulen ƙarfe da ke jawo nauyi baya zuwa tafin hannu. Na daɗe ina kallon wannan gittacciyar sanda, domin siffar ba baƙuwa ba ce a idona. Takobin da baradenmu ke ratayawa ranar hawan salla ma miƙaƙƙe ne mai kaifi biyu, kuma da yawa daga cikin tsofaffin, har da na Buzaye da na Sudan, ruwansu daga maƙeran Solingen ta Jamus ya ratso Sahara, maƙeran gida suka yi masa mariƙi da kube.

Mun yi sa'a ma'aikatan gidan biyu suna nuna yadda ake faɗa da irin wannan takobi. A nan bakin yaron ya mutu na ɗan lokaci. Takubban na haɗuwa sai su manne, kowa na lalubar ƙarfin ɗan'uwansa ta jikin ƙarfen. Ɗaya ya danna, ɗayan bai ja da shi ba, ya murɗa hannu kawai, tsini ya zame ya tsaya daf da maƙogwaro. A wani karon aka kare sara da gittacciyar sandar, aka mayar da martani da kaifin baya ba tare da an juya takobin ba. Wannan ba wasan kwaikwayo ne da suka ƙaga ba. Turawa sun bar littattafan koyar da takobi: akwai karantarwar Johannes Liechtenauer na Jamus tun ƙarni na 14, da littafin Fiore dei Liberi na Italiya a farkon ƙarni na 15. Mafi tsufa da aka sani, wanda ake kira I.33, an rubuta shi a Jamus wajejen 1300, kuma wannan gidan ne ke ajiye da shi.

Daga nan muka hau sashen makaman Asiya. Alaƙar Ingila da kayan yaƙin Japan tsohuwa ce, domin a 1613 Shogun Tokugawa Hidetada, wato shugaban mulkin soja na Japan, ya ba Kyaftin John Saris sulke biyu ya kai wa Sarki James na Ɗaya kyauta. Amma ni ruwan katana ne ya riƙe ni. Duk wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda ake fama da ƙarfe, dole ya sara wa mutanen da suka yi wannan aiki. Idan ka sunkuya haske ya faɗa a kansa daidai, za ka ga wani farin layi yana bin bakin kaifin yana lanƙwasa, ƙarfen kansa kuma yana da zane-zane sirara a jikinsa.

Dukkansu sawun aiki ne. Japan ba ta da tama mai kyau da yawa, sai yashi mai ƙarfe. Shi ake narkawa da gawayi a murhun yumɓu kwana uku ba dare ba rana, a fasa murhun a fitar da ƙarfen. Maƙeri ya yi ta ninke shi yana bugu, sau goma ko sha wani abu, don datti ya fita ƙarfen ya daidaita. Sa'annan ya shafe gadon bayan takobin da yumɓu mai kauri, bakin kuma da ɗan kaɗan, ya gasa ya tsoma a ruwa. Baki ya huce nan take ya yi tauri ƙwarai, baya ya huce a hankali ya zauna da taushi. Wannan ne ke haifar da farin layin, shi ne kuma ke ƙara wa takobin lanƙwasa. Sakamakon shi ne kaifi mai ban tsoro, amma da sharaɗi: bakin na iya ɓantarewa in ya ci karo da ƙarfe, kuma in takobin ya tanƙware a mummunan sara, yakan zauna a tanƙware. Na Turai na wancan zamani an fi gasa shi yadda zai lanƙwasa ya dawo.

A wurin shan shayi na gidan muka baje maganar. Na ce masa kaifin da yake taƙama da shi bai cika yanke hukunci ba. Mutumin da ba ya sanye da sulke, kowanne daga cikin biyun ya same shi ya gama masa aiki. Wanda ke cikin sulken ƙarfe kuwa, babu wanda zai yanka shi, sai dai a nemi kafa a hammata ko wuya a soka, kuma a nan siririn tsinin Turai ya fi. Ko a fagen yaƙi, samurai, wato mayaƙan Japan, da kwari da baka da mashi suka fi dogara, daga baya da bindiga bayan 'yan Fotugal sun kawo ta a 1543. Abin da ya rage shi ne tsawo da kariyar hannu. Ruwan katana yawanci wajen santimita 70 ne, nauyinta kuma bai yi nisa da na dogon takobin ba, makarin hannunta ɗan faifai ne kawai. Tazarar santimita 20 ko 30 ba a bakin komai take ba a kan tebur, amma tsakanin gwanaye biyu tana nufin ɗaya zai iya taɓa ɗaya tun daga inda shi ba a isa a taɓa shi ba. Mai katana dole ya ratsa wannan tazara da jikinsa. In kuma aka kawo siririn takobin suka da Turawa suka yayi a ƙarni na 16 da na 17, wanda ruwansa kan haura mita, tazarar ta ƙaru, ko da yake mai katana na da hannu biyu a kan mai hannu ɗaya, in ya doke tsinin gefe ya shigo ciki, lissafi ya juye.

Na kawo masa shaida daga gidan su katanar. Labarin da Japanawa ke bayarwa na karon Miyamoto Musashi da Sasaki Kojiro a 1612 ya ce Kojiro da dogon takobinsa ya yi suna, Musashi kuwa ya sassaƙa itacen tuƙin kwalekwale ya zo da shi, don ya fi shi tsawo, kuma da shi ya yi nasara. Saboda haka ni a fili, takubba a zare, ina bayan dogon takobin Turai, amma da rinjaye kaɗan. Abin da na fi tsoro, kuma malaman takobi na ɓangarorin biyu suka yi ta gargaɗi a kai, shi ne su sari juna lokaci guda a kwashi gawa biyu.

Yaron ya juya kofinsa ya ce, "To Kawu, wa ya ce a fili za a yi? A sa su a ɗaki, kowa takobinsa a kube."

Wannan magana tana da ƙarfi, na kuma ba shi ita. Katana a ɗamara ake soke ta, kaifi na kallon sama, kuma akwai makarantu a Japan da aikinsu shi ne koyar da zarewa da sara a motsi ɗaya, har daga zaune. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, samurai da ita yake yawo cikin gari, har sai da dokar 1876 ta hana ratayawa. A ɗaki mai ƙaramin rufi ko a lungu, tsawon da na yi ta yabo shi zai zame wa mai shi kaya, kafin ya gama zaro mita guda na ƙarfe daga kugu mai katana ya riga shi.