Jijiyar da Ba Ta Inda Na Saba Nema

Jijiyoyi biyu ne ke ciyar da zuciya jini, ta dama da ta hagu, kowacce da bakinta a gindin babbar jijiyar da ke fita daga zuciya. Haka aka koya mana, haka na saba gani, har na manta cewa kusan mutum 1 cikin 100 Allah ya halicci nasa daban.

Wani dare aka kawo mana magidanci dafe da ƙirji, ya jiƙe sharkaf da gumi. Gwajin ECG ya nuna jijiyar dama ce ta toshe. Aikin sananne ne: a zura siririn bututu ta wuyan hannu, a buɗe jijiyar da balan-balan, a kafa 'yar ragar ƙarfe. Ana so a buɗe cikin minti 90 da isowar majinyaci, domin muddin jini bai kai ba, naman zuciya mutuwa yake yi.

Na kai bututu inda bakin jijiyar ya kamata ya kasance, babu. Na canza bututu, babu. Maimakon in kira na gaba da ni, sai na nace, don kada a ce na kasa. Girman kai ne, ba wani abu ba.

Da na gaba da ni ɗin ya shigo daga baya, cewa kawai ya yi, "Dokta, watsa rini a gindin babbar jijiyar mu gani."

"To, ranka ya daɗe."

Sai ga ta a allo, ta fito daga ɓangaren hagu, gefen 'yar'uwarta, bakinta a tsuke. Jikina ya yi sanyi. Na dubi agogo, na dubi bawan Allahn nan da ya miƙa mini ransa. Abin na cikin littafin da na karanta. Ganin na ƙware ne ya rufe mini ido. Majinyacin ya rayu, amma wani sashe na zuciyarsa ya raunana, ko bene ya hau sai haki.

Irin wannan halitta ba ta faɗin kanta. Pete Maravich, gwanin ƙwallon kwando na Amurka, ya faɗi ya mutu yana wasa a 1988, yana da shekara 40. Sai da aka binciki gawarsa aka ga an haife shi babu jijiyar hagu. Wani kuma tasa kan bi tsakanin manyan jijiyoyi biyu, ta matse idan yana gudu, alhali ECG ɗinsa lafiya lau. Yanzu idan saurayi ya suma a filin ƙwallo, ba na sallamarsa sai an ɗauki hoton CT na jijiyoyin zuciyarsa.