Bawul Huɗu a Kan Tsohon Inji

Duk wanda ya taɓa kai mota ko babur gyara a Kano ya ji kanikawa suna ambaton tof silinda, wato murfin ƙarfen da ke rufe kan inji, inda bawul ke buɗewa ya shigar da iska da mai, wani kuma ya fitar da hayaƙi. A Turai da Amurka akwai wata 'yar ƙaramar sana'a da ta ginu a kan wannan murfi: a ƙera sabo mai bawul huɗu ga kowace silinda, a ɗora shi a kan tsohon injin da kamfaninsa ya yi da biyu. Michael Krauser ya yi wa baburan BMW haka a Jamus a farkon shekarun 1980, Jim Feuling kuma ya yi wa Harley-Davidson a Amurka.

Injinan da ake wa wannan aiki su ne masu sandar turi. Kamshaf ɗinsu yana can ƙasa a jikin inji, sai ya tura wata siririyar sanda, sandar ta ɗaga roka, rokar ta danna bawul. Irinsa ne a cikin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, motar da ta yi shekaru tana jigila tsakanin Kano da Katsina.

Lissafin da ke jan hankalin masu wannan sana'a ba shi da wuya. A silinda mai faɗin milimita 100, bawul biyu ba za su wuce milimita 50 kowanne ba. In aka sa huɗu, kowanne zai tsaya a wajen 41. Amma iska ta gefen bawul take shiga, don haka biyu masu 41 sun ba ta ƙofa daidai da bawul mai 82, a inda dā take da 50. Ƙananan bawul kuma ba su da nauyi, suna saurin komawa mazauninsu. Sai dai wannan riba ba ta bayyana sosai sai inji yana gudu ƙwarai, kuma a nan ne sandar turi, da tsawonta da nauyinta, take fara lanƙwasa tana jinkiri. An faɗaɗa wa inji maƙogwaro, ƙafafunsa kuwa na nan yadda suke.

Saurayin da ya ga irin wannan murfi a YouTube ya zo Ƙofar Ruwa nemansa domin babur ɗinsa, da wuya ya same shi. Ba kuwa don 'yan kasuwar sun jahilce shi ba. Yawancin baburan China masu sandar turi da suka cika ƙasar nan kwaikwayon Honda CG125 ne, wanda ya fito a 1975. Kafin a ƙera shi, injiniyoyin Honda sun zaga ƙasashe masu tasowa, suka tarar mutane na labta wa babur kaya, ba sa canja baƙin mai sai ya zama kamar kunu, kuma kamshaf ɗin da ke sama shi ke fara cinyewa domin mai ba ya isa gare shi yadda ya kamata. Da gangan suka mayar da shi ƙasa, kusa da mai. Wato abin da mai son gudu yake gani a matsayin ci-baya, shi ne ainihin abin da mai neman abinci da babur ya biya kuɗi ya saya. A ƙara masa bawul biyu da rokoki masu rassa, an ƙara wuraren da za su sassauta, da kayan da in sun karye sai an jira su daga ƙetare da farashin dala, alhali babur na jingine.

Wanda ke son ganin bawul huɗu da sandar turi suna aiki tare a Kano, ya nufi bayan masana'antun Bompai a Nassarawa, ko Sharaɗa da Challawa, inda ƙarancin lantarki ya mayar da janareton dizal uwar ɗakin kowace ma'aikata. Da yawa daga manyan injinan nan haka aka yi su tun daga kamfani. Cummins, misali, a 1998 ya mayar da injinsa mai lita 5.9 daga bawul 12 zuwa 24 ba tare da ya taɓa sandunan ba: roka ɗaya ke danna wata 'yar gada, gadar ta buɗe bawul biyu. Gudu ba ya cikin dalilin, tunda janareto a juyi 1,500 a minti yake tsayawa don ya ba da wuta irin tamu. Dalilin shi ne bawul huɗu na barin fili a tsakiya, inda nozil zai tsaya miƙe ya fesa dizal daidai ta ko'ina, man ya ƙone sosai, hayaƙi ya ragu. Ga mai masana'antar da dizal ke cinye masa riba, wannan ce hujjar da ke shiga kunne. Amma fistin da nozil da famfon mai duk tare aka zana su da murfin, shi ya sa ba a sayensa shi kaɗai a ɗora wa tsohon inji.

Aikin da ake wa tof silinda a garin nan iri dabam ne. Inji ya yi zafi a watan Afrilu, gaskit ya ƙone, ruwa ya gauraya da mai, murfi ya ɗan karkace. Sai a kai wa mai injin gogewa ya aske fuskarsa, a gyara mazaunin bawul, a ɗaure. Kowace askewa tana rage ɗakin ƙonewa tana ƙara matsi, har ranar da bakanike zai ɗora ma'auni ya ce wa mai mota saura ɗaya, daga nan sai a nemo na Beljiyam.