Minti Uku da Daƙiƙa Ashirin a Ɗakin Kaka

Kawuna ya yi shekaru yana cin rani a Abijan. Cikin kayan da ya dawo da su Bazaga har da wata tsohuwar kamarar sinima ta Canon, irin wadda ake kira Super 8. Ba ya amfani da ita, tana cikin akwati tare da tsofaffin takardu. Da na fara karatu a Tawa na ji labarin Moustapha Alassane, mai shirya fim da ya zauna a garin shekaru masu yawa, da Jean Rouch wanda ya rasu a haɗarin mota kusa da Ƙonni a Fabrairun 2004. Aka ce Rouch ya fara aikinsa a gaɓar kogin Kwara da kamara mai wani, wadda ba ta wuce daƙiƙa ashirin da ƴan kai take tsayawa. Sai na tuna da akwatin Kawu.

Wani ɗan uwanmu da ke karatu a Faransa ya aiko mini da kaset ɗaya tak na fim baƙi da fari, Tri-X na Kodak, mai ƙarfin ASA 200. Tsawonsa mita 15. Idan kamara tana ɗaukar hoto 18 a kowace daƙiƙa, minti uku da daƙiƙa ashirin ke nan. Ba a gogewa, ba a sakewa, kuma ba ka ganin abin da ka ɗauka sai an wanke.

Na san abin da nake so in ɗauka: Kaka tana kaɗi. A unguwarmu ita kaɗai ta rage mai juya mazari. Na roƙe ta ta fito tsakar gida inda rana take. Ta ce, "Kai maigida, ni ba ni hita. Iska ta kwashe mini kaɗa, kai ka biya ni?" Magana ta ƙare. A ɗaki za a yi.

Ga matsalar. Ɗakin na ƙasa ne, ƙofa ɗaya, taga kamar tafin hannu. Ma'aunin hasken da ke cikin kamarar kuwa ya mutu, domin irin ƙaramin pil ɗin da yake ci an daina yin sa. Abu uku ke sa hoto ya fito: ƙarfin fim, tsawon lokacin da haske ke faɗa masa, da faɗin idon kamara. Biyun farko ba su hannuna. Fim 200 ne, kowane hoto kuma yana samun kusan kashi ɗaya cikin 40 na daƙiƙa. Ido kaɗai ya rage. Lambobinsa suna tafiya 2, 2.8, 4, 5.6, 8, 11, 16, kowane taki yana rage rabin haske. Ƙaramar lamba, babban ido. Tawa kamarar a 1.8 ta tsaya, ba ta buɗewa fiye da haka.

Na sauke ma'aunin haske a salula, na sa masa 200 da 1/40. Da na tsaya a ƙuryar ɗaki na auna wajen Kaka, ya ba ni 8. Na yi murna. Ashe hasken ƙofar da ke bayanta ya auna. Da na matso na kai salular daf da kuncinta, sai ya nuna ko 1.8 ba za ta isa ba. Da na bi lambar farko, da ƙofa ta fito tas, Kaka kuwa inuwa.

"Mi kaka awo a huskata kamar mai sayen akuya?" in ji ta.

Mun gwada fitilar sola, ba ta taɓuka komai ba sai an kawo ta daf da hancinta. Gaskiya ne idan ka rage rabin tazarar fitila haske na ninka huɗu, amma Kaka ta ce tana kashe mata ido. Sai na jira washegari da hantsi, lokacin da rana ke fuskantar ƙofar. Na ja tabarmarta kusa da bakin ƙofa, na juya ta yadda haske zai zo mata ta gefe. Ƙanwata ta tsaya waje da madubin Inna tana jefo rana kan farin zanen da muka rataye a bango. Zanen ya watsa hasken a hankali kan fuskarta da yatsunta. Na sake awo: 2.8. Da ido ya buɗe haka, abin da ke fitowa sarai kaɗan ne, don haka na ɗauko awon tela na auna daga kamara zuwa hannunta, mita ɗaya da rabi, na saita.

Na danna. Hannuna na rawa, ita ko a jikinta. Ta shafa alli a yatsu, ta murza mazari, zare ya fara sauka.

Kaset ɗin ya koma Faransa a jakar wani matafiyi. Wata huɗu na jira. Cikin damina hannun Kaka na dama ya yi rauni, ta ajiye mazarin, har yau ba ta sake ɗauka ba. Duk daren da na tuna cewa wataƙila baƙi ƙirin na ɗauka, barci ba ya zuwa.

Fim ɗin ya iso ta WhatsApp. Daƙiƙa ashirin na farko duhu ne, domin na manta ban cire kamarar daga saitin kanta ba sai da na ga allurar ba ta kan 2.8. Daga nan sai ga ta. Gefen ƙofa ya ƙone fari fat, ban damu ba. Ana ganin allin da ke yatsunta, ana ganin zaren.

Na kai mata salular. Ta kalla sau biyu ba ta ce uffan ba. Sannan ta ce, "Wanga zare ya yi kauri, abawa ce. Kai ka hana ni natsuwa da madubinka." Ta miƙo mini salular, ta ce in kira ƙanwata ta zo ta ga yadda ake riƙe mazari.