Komawata Fagen Kokawa

Duk kaka, in an fara tsinkar auduga a Tsiga, dandali kan cika da 'yan kokawa, ni ma ba a bar ni a baya ba. To, da daminar bara ina ɗaga buhun taki mai kilo 50 sai na ji zafi a matsematsi. Na ɓoye har wata 3, don kada abokai su ce gwaiwa gare ni. A asibitin Funtua likita ya ce ƙaba ce, wato hanji ya sami kafa a naman ciki ya leƙo, in ya shaƙe kuwa sai ya ruɓe. Aka yi mini aiki, aka hana ni ɗaukar nauyi har mako 6.

A mako na huɗu makaɗi ya hango ni, ya wasa ni, jikina ya ɗauki tsuma. Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Kai, ɗinki ba ya jin kirari." Na zauna, ana ta yi mini dariya.

Bana na shiga fage. Wani ƙanen abokina ya kā da ni. Na tashi na shafa tabon, na ji lafiya lau. Jama'a, ban taɓa jin daɗin kaye irin wannan ba!