Daga Oslo Zuwa Bergen a Motar Lantarki

Mun bar Oslo bayan sallar asuba, cikin watan Oktoba, sanyi ya fara kankama, ni da mai masaukina, wani malamin hisabi wanda ya daɗe yana bahasi a kan yadda za a zaɓa wa motar lantarki hanyar da ba za ta cinye mata batir ba. Ƙasar Norwe kuwa ta dace da irin wannan ilimi, domin a shekarar 2024 kusan tara cikin goma na sababbin motocin da aka saya a can na lantarki ne, ga duwatsu, ga sanyi mai rage wa batir ƙarfi.

Na'urar motar ta shimfiɗa mana hanya biyu: wadda ta ratsa ramin Lærdal mai tsawon kilomita 24 da rabi, da wadda ta hau tudun Hardangervidda. Muka ɗauki ta biyun. Tun kafin mu isa garin Geilo na'urar ta fara ɗumama batir, saboda mai sanyi ba ya karɓar caji da sauri, kuma da muka tsaya a tashar caji sai ta ce mu tashi alhali bai cika ba. Na yi mamaki, har malamin ya warware mini mas'alar, ya ce in batir ya haura tamanin cikin ɗari shansa yakan yi nawa, sannan na'urar ta riga ta sa abin da gangara za ta mayar mana a cikin lissafinta.

A kan tudun nan, inda titi ya kai wajen mita 1,250, babu itace ko ɗaya, sai duwatsu da tafkuna da dogayen sanduna da aka kakkafa a gefen titi don masu kwashe ƙanƙara, a nan ya yi mini sharhin asalin al'amarin. Ƙa'idar da Edsger Dijkstra, mutumin Holan, ya wallafa a 1959 don gano hanya mafi kusa, an gina ta ne bisa sharaɗin cewa kowane taki na tafiya ci yake yi, ba ya mayarwa. Motar lantarki kuwa, in ta kama gangara, injinta yakan juye ya zama mai samar da wuta, sai dai in batir a cike yake, wannan riba ta salwanta. Saboda haka malaman jami'ar fasaha ta Munik suka sake duba mas'alar a 2010, na Karlsruhe suka bi bayansu. Na ga hikimar ta yi kama da ta madugu, wanda ba ya auna hanya da tsawonta, sai da rijiyoyinta.

Hujjar ribar gangara ta bayyana a kwazazzaben Måbødalen, bayan mun wuce magangarar ruwan Vøringsfossen, inda titi yake murɗewa cikin ramuka har zuwa Eidfjord a bakin teku. Da idona na ga adadin cajin yana hawa a allo, mota kuwa tana tafiya, ƙafar direba ba ta kan birki.

Abin da ya fi damun malamin shi ne gaibu, watau iskar da za ta taso gaba da mota, ko ƙanƙarar da kan sa a rufe tudun, a tara motoci su bi bayan motar share hanya, mutane na ƙona batir don jin ɗumi. A kan wannan yake aiki yanzu, kuma shi muka yi ta tattaunawa har muka ƙetare gadar Hardanger, muka bi ta Voss, muka shiga Bergen bayan magariba ana ruwa.